Kafin a Ce wa Gwauruwa ta Yafe

Wata Lahadi bayan kaka, goggona ta tashi ta fita daga majami'a ana tsakiyar wa'azi. Ba ta ce uffan ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta ratsa ta tsakanin benci, ta je gindin dogon yaro ta zauna a kan dutse har aka tashi. Majami'ar ƙarama ce a gefen garin Mokolo, a yankin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru, rufin kwano, kuma yawancin masu zuwa cikinta mutanen da suka gudo ne daga ƙauyukan kan iyaka, wasu daga wajen Turu, wasu daga Moskota, wasu daga tsallaken Najeriya. Kowa da yarensa, shi ya sa da Hausa ake sujada. Goggo ce mai buga tulu a zumuntar mata, shekara fiye da talatin ke nan. In ka ga irin wannan mata ta bar teburin Ubangiji a shimfiɗe ta fita, ka san ruwa ba ya tsami banza.

Mai wa'azin baƙo ne, matashi mai kuzari, ya dawo daga wani taron bita na zaman lafiya a Marwa. Ba na jin mugun nufi ne ya kawo shi. Ya buɗe Matiyu sura 18, ya karanta inda Bitrus ya tambayi Yesu sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa, aka ce masa bakwai har sau saba'in. Ya bi da misalin bawan nan da aka yafe wa bashin talanti dubu goma, ya fita ya shaƙe abokin aikinsa a kan dinari ɗari. Sannan ya sauko kan abin da ya kawo shi: yaran da suka shiga daji tare da Boko Haram sun fara dawowa, gwamnati ta karɓe su, mu ma dole mu karɓe su, duk wanda ya san yana riƙe da wani a zuciya kada ya matso kusa da gurasa da ƙoƙon nan yau, don hukunci zai ci wa kansa. A nan ne Goggo ta tashi.

Da na same ta a gindin itacen, na durƙusa na ce, "Goggo, lafiya?" Ta ce, "Ɗana, ai ka ji shi. Ni ce zan ci hukunci." Ta yi shiru can, sannan ta ƙara da cewa, "Wanda ya yanka mini miji gwamnati na dafa masa abinci, ni kuma an hana ni abincin Ubangiji."

A 2015 aka shiga ƙauyensu da dare. An kashe mijinta a bakin garke, an kora shanu tara, an tafi da autanta, yaro ɗan shekara 13, aka ɗora masa buhun dawa a ka. Cikin masu ba da umarni a daren ta gane murya ɗaya. Ɗan maƙwabta ne, yaron da ta sha goyawa in uwarsa ta tafi rijiya, wanda ya sha cin tuwo a akushi ɗaya da 'ya'yanta. Shi ya dawo. Autanta har yau babu labari.

Duk wanda ya zauna a Arewa Mai Nisa cikin shekarun nan yana da irin wannan labari, ko nasa ko na wani a gidansu. Mun ga yadda abin ya faro da satar baƙi, iyalin Faransawan nan da aka ɗauke kusa da Waza a Fabrairun 2013, da Fada Georges Vandenbeusch da aka sace a Ngecewe a Nuwamban shekarar, sannan ya juyo kanmu. Fotokol a Fabrairun 2015, inda aka bi mutane har cikin masallaci. Bama-baman Marwa a Yulin shekarar. Sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, da aka buɗe a 2013 nan kusa da mu, ya cika ya batse ya koma gari guda. Daga baya gwamnati ta kafa hukumar karɓar makamai da mayar da tsofaffin mayaƙa cikin jama'a a ƙarshen Nuwamban 2018, da cibiya a Mora, aka riƙa tara masu miƙa wuya a Meri. Da Shekau ya mutu a Mayun 2021 sai suka riƙa fitowa ayari-ayari, maza da mata da yara. Yanzu magana ta bar hannun soja ta dawo bakin rijiya da bakin kasuwa da cikin majami'a: mutumin nan zai zauna kusa da ni, yaya zan yi da shi?

Ni Kirista ne, ɗan mai bishara, kuma na yarda da alheri har cikin ɓargona. Na yarda babu zunubin da ya fi ƙarfin jinin Almasihu, har da na yaron nan. Na yarda da abin da Bulus ya rubuta wa Afisawa, cewa ta wurin alheri aka cece mu, kyautar Allah ce, babu mai fahariya da aikinsa. Tun muna yara muke jin wannan a bakin Lutarawan Gaundare da na Garwa da sauran ikilisiyoyin duwatsu, kuma ba na neman a rage ko wasali ɗaya daga cikinsa. Abin da nake ƙi shi ne yadda muke rarraba wannan koyarwa: alheri mu kai wa mai laifi, hukunci mu ajiye wa wadda aka zalunta. Mun juya tabarmar sama a ƙasa. A Littafi Mai Tsarki da na sani, albishirin ranar shari'a na gwauruwa ne da maraya, gargaɗinta kuma na mai wuƙa ne.

Mu koma surar nan da baƙonmu ya karanta. Ya faro daga aya ta 21. Da ya ɗan ja baya zuwa aya ta 6, da ya ji Yesu yana cewa duk wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya a jefa shi cikin teku. Yara nawa aka ɗauka daga ƙauyukanmu aka koya musu yanka? 'Yan mata nawa aka ɗaura wa bam aka tura kasuwa? Da ya tsaya a aya ta 15, da ya ga tsarin da aka shimfiɗa: in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka nuna masa laifinsa, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in bai ji ba ka gaya wa ikilisiya. Wato kafin a zo kan bakwai sau saba'in, an riga an faɗi laifin da sunansa a gaban mai shi da gaban shaidu. A cikin misalin ma, bawan da ake bin dinari ɗari ya faɗi ƙasa ne yana roƙo, yana cewa a yi masa haƙuri zai biya. Ya amsa cewa ana binsa bashi. Goggo kuwa babu wanda ya zo ƙofarta ya ce mata, "Ni ne." An dai aiko mata da saƙo daga kan mumbari cewa ta shafe bashin da mai shi bai ma amsa ba.

Mutanen zamani, har da wasu fastoci masu karatu, suna jin nauyin maganar hukunci. Suna ganin ta tsufa, ta masu wa'azin kasuwa ce da ke tsoratar da mutane da wuta. Na gane dalilinsu, don ni ma na taso ina jin wa'azin da ke aika mutum jahannama a kan kwaryar giyar bilbil. Amma ka zauna da wadda aka kashe wa miji, ka cire mata ranar shari'a, ka ga abin da ya rage mata. Babu kotun da za ta saurare ta. Ba ta da kuɗin mota zuwa Marwa, balle lauya. Abin da take da shi kawai shi ne cewa jinin mijinta, kamar na Habila a Farawa sura 4, yana kuka daga ƙasa, kuma akwai mai ji. A Wahayin Yahaya sura 6, rayukan waɗanda aka kashe suna ƙarƙashin bagade suna kira da babbar murya, har yaushe za a ɗauka kafin a yi shari'a a kan jininsu. Ba a tsawata musu an ce ba su da ruhun gafara ba. An ba su fararen riguna, an ce su ɗan ƙara jira. In tsarkakan da ke gaban Allah suna da izinin tambayar "har yaushe", ban ga dalilin da zai sa a kori tsohuwa daga teburi don ta yi tambayar ba.

Kuma wannan bangaskiyar ce take riƙe hannun mutum daga ramuwa. Bulus bai ce wa Romawa su bar ramuwa don laifin ba komai ba ne. Ya ce su bar ta don akwai mai ita, ramuwa ta Ubangiji ce, shi zai sāka. Na san samari a Mokolo da suka san inda wasu tubabbu suke kwana, suna da adda, suna da dalili. Abin da ya zaunar da su, bayan tsoron jandarma, shi ne iyayensu mata da ke ce musu, "Bar shi da Allah." Wannan kalma ba ta da nauyi in Allah ɗin ba ya shari'a. Alhaki kwikwiyo ne, in ji Hausawa, mai shi yake bi. Ranar da muka koya wa mutane cewa kwikwiyon ya ɓace a hanya, ranar za su fara bin mai shi da kansu.

To, ina alherin yake? Yana nan, kuma ya fi abin da muke wa'azinsa tsada. Koyarwar gicciye ita ce Allah bai kau da kai daga zunubi ba, ya ɗora wa kansa nauyinsa. Kyauta ne gare mu, amma an biya. Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitila ta rataye a Afrilun 1945, ya yi gargaɗi tun 1937 a kan abin da ya kira alheri mai arha, wato wa'azin gafara ba tare da tuba ba. Shi ya ga ikilisiyar da ke raba gafara kamar ƙosai ga mutanen da ba su da niyyar sauya komai. Mu ma mun kama hanya.

Dubi waɗanda alheri ya kama a cikin Littafin, ka ga abin da ya fito daga bakinsu. Ɓarawon da ke kan gicciye kusa da Yesu, wanda muke so mu kafa hujja da shi cewa ko a minti na ƙarshe ƙofa a buɗe take, kafin ya roƙi a tuna da shi sai da ya ce wa ɗan'uwansa, mu kam daidai aka yi mana, sakamakon aikinmu muke karɓa. An yi masa alkawarin Firdausi, ba a sauko da shi daga itacen ba. Dawuda, bayan ya sa an kashe Uriya, annabi Natan ya tsaya a gabansa ya ce masa, kai ne mutumin. Ya amsa laifinsa, aka ce Ubangiji ya kawar da zunubinsa, amma an riga an gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba, kuma bai rabu ba. Wanda na fi so shi ne Zakka, don labarinsa na kuɗi ne, mu kuma matsalarmu da yawa ta shanu ce da gonaki. Yesu ya shiga gidansa tun bai yi alkawarin komai ba, wannan shi ne alherin. Amma da alherin ya shiga, Zakka ya miƙe tsaye a gaban mutane ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Sai bayan nan Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan. Zakka bai sayi ceto da kuɗi ba. Amma mutanen Yariko sun ga ceton da idonsu, a tafin hannunsu.

Yaron maƙwabtan Goggo ba shi da shanu tara, na sani. Ya fito daga daji da riga ɗaya. Amma yana da abin da ya fi shanu a wurinta: ya san hanyar da aka bi da autanta, ya san ko yana raye, in kuma ya mutu ya san a ina. Faɗin wannan ba ya cin ko dala. Shi ne ninki huɗun da yake iya biya, kuma babu wanda ya nema daga gare shi, daga hukuma har majami'a.

Akwai wani abin da ke ba ni kunya in na tuna. A majami'unmu, yarinya ta yi ciki ba aure, sai dattawa su zauna, a kira ta, ta tsaya a gaban jama'a ta furta, a sa ta ƙarƙashin horo wata shida ko shekara, bencin baya, babu Jibin Ubangiji, babu waƙa a ƙungiyar mawaƙa. (Saurayin kuwa sau da yawa ya tsallake zuwa Garwa yana tuƙa mashin, amma wannan maganar wata rana ce.) Mun iya bincike, mun iya jiran 'ya'yan tuba, in laifin na yarinya ce marar gata. Sai ga maganar jini, mun ce a gama ta a Lahadi ɗaya, da waƙa da tafi da ɗaukar hoto. Annabi Irmiya ya yi maganar masu ɗaure raunin jama'a sama-sama suna cewa lafiya, lafiya, alhali babu lafiya. Miki in an rufe shi da ruɓa a ciki, kowa ya san abin da ke biyo baya.

Kada wani ya ɗauka ina tare da masu cewa a kashe su duka, ko a kore su su koma inda suka fito. Ina jin wannan a wurin masu shayi, kuma daga bakin Kiristoci masu zuwa sujadar safe. Ba na tare da su ko kaɗan. Da yawa cikin masu dawowa an tafi da su ne suna yara, kamar autan Goggo. In Allah ya sa yana raye, yau shi ma namiji ne, kuma babu wanda zai iya rantsewa hannunsa bai taɓa jini ba. Ranar da ya fito, "tubabbe" za a kira shi, wata gwauruwar kuma a wani ƙauye za ta gane muryarsa. Na taɓa gaya wa Goggo haka, a hankali, ina tsoron yadda za ta ɗauka. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Na sani. Kullum da dare ina saninsa." Akwai matan da aka aurar da ƙarfi, akwai jariran da aka haifa a daji waɗanda ba su san komai ba sai yunwa. Wanda ya ce a rufe wa waɗannan ƙofa, ya rufe ta a fuskar 'ya'yanmu.

Sannan ayar nan ta Romawa 3:23, cewa duka sun yi zunubi, muna karanta ta ne ta hanyar da ke shafe bambanci, kamar mai yanka da wanda aka yanka duk ɗaya ne. Ni ina ganin kaifinta yana wani wajen. Da ɗan gari akan ci gari. Shanun da aka kora daga ƙauyukanmu ba a daji suka ruɓe ba, kasuwa suka shiga, wani ya saye su da arha yana sane, wani ya yanka, mu muka ci naman. Man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, da ya cika tankunan mashinan da suka zo da dare, wani ne ya auna shi a kwalba ya karɓi riba. Wani ya nuna gidan da ke da shanu, wani kuma ya kai sunan abokin gabarsa wurin soja a kan rikicin gona ya ce ɗan Boko Haram ne. Wasu daga cikin waɗannan suna zaune a bencin gaba, suna ba da baiko mai kauri, babu wanda ya taɓa kiransu tubabbu don ba su taɓa tuba ba. Haka kuma masu kaki: duniya ta ga bidiyon nan na Zelevet da ya fito a 2018, sojoji sun harbe mata biyu da 'ya'yansu ƙanana, aka fara musantawa, daga baya a Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu shekara goma-goma. In za mu yi wa'azin shari'ar Allah, to ta hau kan kowa, don shi ba ya duban riga.

Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda wannan bala'i ya ci su kamar yadda ya ci mu, suna da wata rarrabewa da nake ganin ta fi tamu fitowa fili a bakin talaka. Ko yaro ya san akwai haƙƙin Allah, akwai haƙƙin ɗan Adam, kuma tuba ba ta cika sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko shi da kansa ya yafe. Liman ba ya yafe jinin wani a madadinsa. Mun bambanta da su a kan yadda ake samun gafarar Allah, bambanci mai zurfi, ba na ɓoye shi. Amma wannan gaɓar tana cikin namu Littafin ma. A Matiyu sura 5 an ce in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. A lura da wanda aka tayar daga gaban bagade: mai laifin ne. Mu kuwa a Mokolo wadda aka yi wa laifin muka tayar.

Na san amsar da za a ba ni, don na ba kaina ita sau da yawa. Yesu a kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara tun ba su tuba ba. Istifanas ma haka, duwatsu na sauka a kansa. Kowace Lahadi muna cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Gaskiya ne, kuma ba ni da hanyar zagaye shi. Kirista ba shi da izinin riƙe ƙiyayya har kabari, ko mai laifin ya zo ko bai zo ba. Goggo ma ta san da haka fiye da ni. Amma Yesu jininsa ne ya yafe, Istifanas ma nasa ne. Babu wanda ya tsaya a gefe da riga mai guga ya umarce su. Irin wannan gafara aikin alheri ce a zuciyar wanda aka cuta, kamar yadda tuba take aikin alheri a zuciyar wanda ya cuta. In mun yarda ba a tilasta wa mutum tuba da sanda, ta yaya za a tilasta gafara da hana gurasa? Wadda ke fama da wannan dutse a ƙirji ita ta fi kowa bukatar teburin.

Kuma yafewa daban, amincewa daban. Shawulu, wato Bulus, mai tsananta wa Kiristoci a dā, ya gamu da Almasihu a hanyar Dimashƙu, amma da aka aiki Hananiya wurinsa sai da ya ce, Ubangiji, na ji irin ɓarnar da mutumin nan ya yi. Da ya zo Urushalima almajirai suka ji tsoronsa, ba su yarda ya zama nasu ba, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya tsaya masa. Littafin bai zarge su ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Paparoma Yohanna Bulus na biyu, wanda ya zo Garwa a 1985, ya yafe wa mutumin da ya harbe shi a 1981, ya je har kurkuku ya zauna da shi a 1983, amma mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekara ta 2000. Gafarar ba ta rushe kotu ba, kotun kuma ba ta hana gafarar ba.

Ƙasashen da suka bi ta irin wannan wuta sun gane cewa ba a tsallake gaskiya. A Afirka ta Kudu, hukumar da Akbishop Desmond Tutu ya shugabanta ba ta ba da afuwa sai mutum ya fayyace abin da ya aikata, kuma cikin mutum fiye da 7,000 da suka nema, 849 ne suka samu. A Ruwanda, kotunan gargajiya da suka yi aiki har 2012 suna rage wa mutum hukunci in ya furta a gaban ƙauyensu, ya nuna inda gawarwaki suke. Duk biyun suna da nasu aibin, waɗanda aka cuta da yawa sun fita ba su gamsu ba. Amma aƙalla an tambayi mai laifi. Mu a nan muna da dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamban 2014 mai hukuncin kisa a hannu ɗaya, muna da koyar da ɗinki da kiwo a ɗaya hannun, tsakaninsu kuma babu wata tabarma da aka shimfiɗa inda gwauruwa za ta zauna ta yi tambaya a amsa mata.

Wannan tabarmar ce nake ganin majami'a za ta iya shimfiɗawa, tare da limamai da lawanai da bulamomi, tun da su ne suka san wane ɗan wane ne. Ba sai an jira kuɗin wata ƙungiya ba. Fasto ya fara da zuwa wurin wanda ya dawo, ya gaya masa abin da Natan ya gaya wa Dawuda, ya kuma gaya masa ƙofar alheri a buɗe take, duka biyun a zama ɗaya. A nemi Barnaban da zai tsaya masa, wanda zai ce ni na ɗauki nauyinsa, ku tambaye ni. In yana da ƙarfin noma, ya yi wa wadda ya mayar gwauruwa noma damina biyu ko uku, in ta yarda ta gan shi a gonarta. In ba ta yarda ba, a ƙyale ta. A bar mutane su yi makoki, a karanta musu Zabura masu kuka, akwai su da yawa, ba sai masu tafi kaɗai ba. Baba Simon na Tokombere, wani fada ɗan Kamaru wanda ya rasu a 1975, shekaru ya yi yana taka duwatsun nan ba takalmi yana sauraron mutane kafin su yarda da abin da ya kawo. Mu muna son a gama komai kafin a rufe rahoton taron bita.

Dattawan majami'ar sun je gaishe da Goggo bayan kwana uku, faston wurin da kansa ya ce mata, "Mama, ki yi haƙuri, teburin nan na Ubangiji ne, babu mai hana ki." Ta koma, tana buga tulunta. Na zauna kusa da ita wata Lahadi da na je Mokolo, ina jin muryarta a cikin Addu'ar Ubangiji. Tana faɗin komai da ƙarfi har zuwa abincin yini. In an zo kan gafara sai ta yi shiru, ta bar jama'a su wuce, ta sake kama su a wajen "kada ka kai mu cikin jaraba".

Watanni kaɗan da suka wuce uwar yaron nan, wadda ita ma gudun hijira take a wani ƙauye kusa, ta zo da akuya a igiya. Ba ta shiga ba, ta tsaya a bakin zaure tana kuka. Goggo ta fito ta dube ta, ta ba ta ruwa a moɗa, ta ce, "Ba akuya nake nema ba. Ki ce masa ya zo ya gaya mini inda ya bar ɗana." Matar ta tafi ta bar akuyar. Goggo ba ta karɓa ba, ba ta kuma mayar ba. Tana ɗaure a gidan maƙwabci, jikokinsa ke yanko mata ciyawa, har ta haihu. Yaron bai zo ba tukuna.